Shida Ne a Kan Dutsen

Talata, 24 ga Oktoba, da yamma

Mama ta tafi. Ta ɗauki ƙaramin akwatin nan da makullinsa ba ya kamawa, ta ɗaure shi da igiyar shanya. Ni na raka ta tashar jirgin ƙasa. Kaka Wilf ya ce ƙafarsa ba za ta kai shi ba, alhali ko jiya sai da ya hau tudu zuwa lambunsa ya sauko.

Mutanen nan biyu masu kaki da suka zo da safe, ba zan rubuta abin da suka faɗa ba. Na ga dai takalmansu suna sheƙi, ɗayan ya yi ta goge ƙafa a bakin ƙofa kamar ba zai daina ba. Na haɗa musu shayi, babu wanda ya sha. Abin da zan iya rubutawa shi ne, yayana Clive yana asibitin sojoji can kudu, a jirgin sama aka kawo shi, kuma bai farka ba.

A tasha Mama ta gyara min wuyan riga ta ce, "Glenys, ki kula da kakanki. Kullum ƙarfe biyar ki tsaya a rumfar wayar dandali, zan kira. Ban da kuka a gaban mutane."

Na ce, "To, Mama."

"To Mama, to Mama. Ke dai bakin nan naki bai san wata magana ba."

Ta so ta yi dariya, fuskarta ta ƙi. Jirgin ya ja.

Laraba, da rana

Kaka ya kafa doka yana shan shayi: maganar gida ta tsaya a gida. Ko ƙare rufe baki bai yi ba sai ga Anti Doreen ta leƙo ta katangar baya, kanta cike da robobin naɗa gashi. Ba 'yar'uwarmu ba ce, bango ɗaya ne ya raba mu, amma tun ina rarrafe Anti nake ce mata. Ita ke ara min littattafan soyayya.

"Wilf, wace mota ce na gani jiya a ƙofarku?"

"Kifi suka zo saye."

"Da kaki?"

"Soja ba ya cin kifi ne, Doreen? Je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri tun daga nan."

Ta dube ni. Na dubi silifas ɗina.

Laraba, bayan wayar Mama

"Yana nan yadda yake."

Juma'a, 27 ga wata, da yamma

Ban taɓa lura ba sai yanzu: idan mutum ya tsaya a cikin rumfar waya, dutsen sunayen waɗanda yaƙi ya ci ne a gabansa. Babu yadda za ka juya. Gilashin ɓangaren teku ya fashe an toshe shi da kwali, dole dutsen za ka kalla.

Garbutt shida ne a kai. Albert da Ernest, yayyen Kaka. Fred da Harold, 'ya'yan baffansa. Su huɗun yaƙin duniya na farko ne ya ci su. Sai Raymond, ɗan Kaka na fari, wan Babana, da Stanley, wanda Kaka ya goya bayan rasuwar iyayensa. Su kuma yaƙi na biyu. Babu gidan da ya kai mu yawa a garinmu Skelby, mutane har faɗi suke kamar abin alfahari.

Tun ina ƙarama nake ƙirƙira musu labari. Ernest na fi so. Na ba shi dogon wuya da gashin baki, da wata budurwa mai farin mayafi da ke tsayawa a bakin ruwa kowace yamma har ta tsufa. Bara na yi ƙarfin hali na tambayi Kaka ko Ernest kyakkyawa ne. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Ernest? Kunnuwa kamar hannun tukunya. Warin kifi kuwa, kare ma ba ya zama kusa da shi a coci."

Amma da ya gama dariyar ya daɗe yana kallon murhu.

A ƙasan sunan Stanley akwai fili, babu rubutu. Faɗin tafin hannuna. Na gwada. Ban san abin da ya sa na gwada ba.

Wayar ta yi ƙara. "Yana nan yadda yake. Kun ci abinci?"

Lahadi, da rana

Ruwa tun safe. Na gama littafi guda, na fara wani. A cikinsa jarumin ya dawo daga yaƙi da ɗan tabo a gefen goshi, wanda ya ƙara masa kyau. Kullum a gefen goshi ne. Babu wanda aka taɓa kawowa a jirgin sama.

Da Clive yana nan da ya fizge littafin ya hau kujera yana karantawa da muryar mata: "Ya kai masoyina, zuciyata tana dukan uku-uku!" Ni kuma ina tsalle ina ƙoƙarin ƙwacewa. Gimbiya yake ce min. "Gimbiya, sauko daga gajimare ki wanke kwanuka."

Na wanke kwanuka.

Talata, 31 ga wata, da yamma

A makaranta babu wanda ya ce min komai, kuma shi ne abin da ya fi ciwo. Kowa ya san an ga mota. Da na shiga ɗakin cin abinci teburin 'yan ajinmu ya yi tsit, sannan wata ta matsa ta ba ni wuri, abin da ba a taɓa yi ba. Na ɗauki farantina na fita bayan ɗakin kwal na ci a tsaye.

"Yana nan yadda yake."

Na so in tambaye ta, yaya yaken? Fuskarsa fa? Hannayensa? Sai kuɗin wayarta ya ƙare, kuma na ji daɗi da ya ƙare.

Laraba

Ban je makaranta ba. Kaka bai tambaya ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Kaka ya sauko da gwangwanin lambobin yabonsa ya baje su a kan jarida yana gogewa. Lahadin sama ce ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. An fara sayar da jan furen takarda a kantin burodi, kowa ya maƙala a ƙirji.

A Skelby ba limamin coci ke karanta sunayen ba. Ranar Asabar kowane gida ya fito da bokiti da buroshi ya wanke nasa. Ranar Lahadi, bayan an yi shirun girmama matattu, kowane gida ya kira nasa da bakinsa. Gidan da ya ƙare babu kowa, Mista Hugill, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji, shi ke kira musu. Kaka ke kiran namu tun kafin a haifi Mama. Yakan ce, "Garbutt ne ke kiran Garbutt. Ran da Hugill ya kira mana, to mun ƙare."

Clive ke riƙe masa bokiti da. Bana ni ce.

Kaka ya ɗaga kai ya ce, "Yarinya, kin ci wani abu kuwa?"

"Na ci, Kaka."

"Ƙarya. Littafi kika ci."

Asabar, 4 ga wata, bayan waya

Yau yara ke wasan wuta. Sun tara katakai da tsofaffin kujeru a bakin ruwa sun cinna, ko'ina sai fashe-fashe. Da ƙyar na ji muryar Mama. Ban ma ji ba, amma na san abin da ta ce.

Da na dawo ban tarar da Kaka a kujerarsa ba. Yana tsakar gida ta baya, daga shi sai shat, babu kwat babu hula, yayyafi na dukansa. Duk lokacin da wani abu ya fashe sai kafaɗarsa ta motsa.

"Kaka, shigo mana."

"Raymond ba ya son ƙara. Tun yana yaro. Ƙarƙashin tebur yake shiga."

A littafi da yarinyar ta rungume shi ta faɗi wata magana mai daɗi. Ni kwat ɗinsa na ɗauko na riƙe, na tsaya a bayansa har wutar bakin ruwa ta lafa.

Litinin, 6 ga wata

Ƙirjin Kaka. Tari kamar ana jan sarƙar jirgi. Likita ya zo ya ce kwanciya a ɗakin sama, kada ya sauko, kada ya yi magana. Maganar ma babu ita, sai raɗa.

Ban gaya wa Mama ba. Ita ma akwai abin da ba ta gaya min.

Talata, da rana

Gidan ya yi girma. Agogo, tari, agogo.

Ina zaune a falo da littafi, duk wanda ya wuce sai ya rage tafiya ya leƙo. Tagarmu a kan titi take, babu ko taku ɗaya tsakani. Anti Doreen ta share ƙofar gidanta har ta share tamu, idonta a kaina.

Laraba

"Yana nan yadda yake."

Yana nan. Yadda yake. Yana nan.

Alhamis, 9 ga wata, da hantsi

Yau kukan ya zo ba sallama. Ba komai ba ne fa, safar Clive na gani a bayan kujera, guda ɗaya, mai ɗinkin Mama a dunduniya. Ina cikin yi sai na ga hular mai kawo madara tana tahowa. Mama ta ce ban da kuka a gaban mutane. Na tashi na ja labulen falo. Na hau sama na ja na ɗakin Mama, don daga gidan da ke kallonmu ana hango matakala.

Duhun ya yi min daɗi. Na kunna fitila na kwanta a kan dogon kujera na karanta babi bayan babi, kamar ina cikin jirgin ruwa ni kaɗai.

Alhamis, da la'asar

Wayyo ni. Wayyo Glenys.

An ƙwanƙwasa, na buɗe. Anti Doreen ce, babu robobi a kanta, ta sa baƙar rigar cocinta, ta riƙo kwanon nama da dankali. Kafin in buɗe baki ta ajiye kwanon ta rungume ni.

"Shi ke nan, 'yata. Kada ki ce komai. Na gani, duk mun gani. Yaron nan da na yi wa wanka da hannuna! Allah ya ba ku haƙuri."

Ta kan kafaɗarta na ga layinmu. Gidan Pybus sun ja labule. Gidan da ke kallonmu sun ja. Har ƙasa, har kantin burodi, da rana tsaka.

Sai a lokacin na tuna. Ina shekara uku teku ta ci Babana, abin da kawai na riƙe na ranar shi ne falo ya yi duhu alhali ana jin yara na wasa a waje. A nan ba a jan labulen gaba da rana sai an yi rashi. Kowa ya sani. Ni ma na sani! Ina hankalina ya tafi?

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, sai kuka ya fito maimakon magana. Ita kuwa ta ƙara matse ni.

"Yi kukanki. Tsohon fa? Ya sani?"

Na girgiza kai. Nufina babu abin da zai sani.

"Gara haka. Da wannan ƙirjin nasa, a bar shi tukuna. Ni zan gaya wa mutane kada kowa ya dame ku."

Ta tafi.

Alhamis, bayan waya

A hanyar dandali maza biyu suka cire min hula. Ni. Matar kantin burodi ta fito ta cusa min burodi mai zafi a hannu, ta shafa kumatuna.

Zan rubuta wannan don babu mai karantawa: tun da Mama ta tafi babu wanda ya taɓa ni sai yau. Kuma na ji daɗi. Na ji daɗin rungumar, na ji daɗin burodin. Wace irin ƙanwa ce ni?

"Yana nan yadda yake. Me ya sami muryarki?"

"Mura ce, Mama."

Juma'a, da safe

Na tsaya a gaban labulen, hannuna a kai. Idan na buɗe, Anti Doreen za ta fito, kowa zai fito, in tsaya a tsakiyar titi in yi bayani. Ni da ko a aji aka kira sunana sai kunnuwana su ɗau zafi.

Gobe zan buɗe.

Juma'a, da rana

Limamin coci ya ƙwanƙwasa. Na tsuguna a bayan ƙofa har ya gaji.

Na kai wa Kaka romo. Ya raɗa, "Wa ya dafa wannan? Ba ke ba ce, akwai gishiri."

"Anti Doreen."

"Doreen? Me take nema?"

Ɗakinsa ta baya yake kallo. Ba ya ganin titi.

Asabar, 11 ga wata, da rana

Na ɗauki bokiti da buroshi da sabulu na tafi ni kaɗai. Gidaje da yawa sun riga ni, da na iso suka ja baya suka bar min dutsen. Ruwan ya yi sanyi har yatsuna suka daina ji. Na fara daga sama yadda Kaka ke yi, ina ƙwaƙule gansakuka daga cikin kowane harafi. Albert. Ernest mai kunnuwa. Fred, Harold. Raymond da ba ya son ƙara. Stanley.

Da na sunkuya in matse tsumma sai na gan shi. A gindin dutsen, inda ake kafa ƙananan gicciyen katako masu jan fure, an kafa na gidanmu a jere. Bakwai ne. Na ƙarshen katakonsa sabo ne fari, an rubuta da baƙin alƙalami, da rubutu mai kyau: Clive Garbutt.

Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Sai na ji sandar Mista Hugill a bayana. Mutumin kirki ne, ido ɗaya gare shi, kullum da alewa a aljihu.

"'Yar Garbutt. Sannu da ƙoƙari. Mun zauna jiya da 'yan ƙungiya. Sassaƙa a dutse sai an bi hanya, zai ɗau lokaci, amma ba za mu bar yaronmu a baya ba. Gobe za a kira shi tare da kakanninsa." Ya dafa kafaɗata. "Na ji Wilf ba murya. Kada ki damu kanki, ni zan kira muku, duka bakwai ɗin."

Na ce, "To."

To! Abin da na ce ke nan. To Mama, to Mama.

Asabar, bayan biyar

Mama ba ta kira ba.

Na tsaya har fitilun dandali suka kama, har ƙafafuna suka sandare. Na ɗaga kan wayar in ji ko ta lalace, tana aiki, na yi maza na mayar don kada ta kira a lokacin. Wani mutum ya zo zai yi waya, ya gan ni, ya cire hula ya juya.

Ba ta taɓa fashi ba.

Ni na ja labulen. Ni na kira abin. Na rufe masa gida tun yana numfashi, gari duka ya yi masa makoki, aka rubuta sunansa a katako, to me ya rage? Yanzu ko na so buɗewa, da wane baki? Idan na buɗe kuma ya zama gaskiya fa?

Ban taɓa littafi ba yau.

Lahadi, 12 ga wata, da sassafe

Na gaya wa Kaka. Na ajiye masa shayi, na tsaya a ƙarshen gado ina kallon bargo, na faɗi duka: labule, Anti Doreen, gicciyen, Mista Hugill, wayar da ba ta zo ba. Na jira faɗa.

Sai ya yafito ni, na kai kunnena bakinsa.

"Masu kaki sun dawo?"

"A'a."

"Sun ƙwanƙwasa ƙofar nan?"

"A'a, Kaka."

"Sau nawa aka kawo wa gidan nan labari, yarinya? Ba a taɓa kawo shi da shiru ba. Da ƙafa yake zuwa, ya goge takalmi a bakin ƙofa." Tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Har sai sun zo, shida ne."

Ya nuna gwangwanin da ke kan tebur. Na ɗauko. Ya maƙala min lambobin a kwat ɗina, ɓangaren dama, inda 'yan gida ke sa na wani. Nauyinsu ya ja wuyan kwat ɗin gefe.

"Kaka, ba zan iya ba. Murya ba za ta fito ba."

"Tawa ce ba ta fitowa. Taki lafiyarta ƙalau, ajiye ta kawai kike yi kamar kwanon baƙi."

Lahadi, da la'asar

Zan rubuta a hankali don kada in manta.

Dandali ya cika. Iska daga teku, tutoci na kaɗawa, kowa da jan fure. Da na iso aka buɗe min hanya har gaba. Anti Doreen ta kama hannuna ta riƙe. Agogon coci ya buga, aka busa begila, kowa ya yi shiru. A cikin shirun babu abin da nake ji sai tsuntsayen teku da lambobin Kaka suna karo da juna a ƙirjina.

Aka fara kira. Gidan Agar. Gidan Cole. Gidan Dowson, wata tsohuwa ta kira ɗanta da muryar da ake kiran yaro cin abinci. Sai Mista Hugill ya gyara tsayuwa ya buɗe baki.

Na zare hannuna daga na Anti Doreen. Ban san lokacin da na taka gaba ba.

"Albert Garbutt."

Kamar kukan ɓera. Wani a baya ya ce, "Me ta ce?" Mista Hugill ya dube ni da idonsa ɗaya, ya ja baya taku guda. Na sake.

"Albert Garbutt. Ernest Garbutt. Fred Garbutt. Harold Garbutt. Raymond Garbutt. Stanley Garbutt."

Na tsaya. Kowa yana jira. Na ji mata sun fara jan hanci. Mista Hugill ya ɗauka kasawa na yi, ya matso a hankali don ya taimake ni, ya ɗaga murya: "Da kuma ɗanmu, wanda a wannan makon..."

"A'a!"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Tsuntsaye suka tashi daga kan rufin coci.

"Bai mutu ba. Yana asibiti, bai farka ba, amma babu wanda ya zo ya ce ya mutu. Ni na ja labule don ina kuka ba na son a gani. Kada a kira shi. Shida ne."

Na sunkuya na tuge gicciyen na sa a aljihu.

Babu wanda ya motsa. Kunnuwana kamar za su kama da wuta. Can sai muryar Anti Doreen, a tsakiyar taron tunawa, gaban limami da tutoci: "Kai, amma yarinyar nan! Kwana uku ina kuka, har baƙar rigata na goge! Kuma kin cinye min nama!"

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Ita kuwa kuka take tana dukan kafaɗata tana jawo ni jikinta. Mista Hugill ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya ce da murya irin ta fareti, "Gidan Garbutt, shida. Gidan Harker."

Aka ci gaba.

A hanyar gida babu wanda ya cire min hula. Matar kantin burodi ta harare ni, sannan ta ce in gaishe da Wilf. Na shiga na ja labulen falo gefe, na hau sama na ja na ɗakin Mama. Hasken ya nuna ƙura a kan komai. Ina tsaye na ga na gidan Pybus ya buɗe, sai na masu kallonmu, ɗaya bayan ɗaya har ƙasan layi.

Na ba Kaka gicciyen. Ya juya shi, ya ce in miƙo masa wuƙar aljihunsa. Ya kankare sunan a hankali, ɓawon katakon na zuba a kan bargo, har ya koma fari tas. Ya raɗa, "Katako mai kyau. Zai yi alamar layin albasa."

Har yanzu ban sani ba. Na faɗa a gaban gari duka, kuma ban sani ba. Biyar ta kusa.

Lahadi, bayan waya

Anti Doreen ta biyo ni da bargo, ta tsaya a wajen rumfar ta juya min baya, wai ita ba sauraro take ba.

Wayar ta yi ƙara. Na bar ta ta ƙara yi kafin hannuna ya yarda.

"Glenys? Jiya layin masu waya ya kai har ƙofa, kafin in samu shiga dare ya yi. Kin jira?"

"Kaɗan."

"Yana nan yadda yake."

Na jingina goshina da gilashi. Makonni ina jin maganar nan kamar an rufe min ƙofa. Yau na roƙe ta ta sake faɗa.

"Me ya same ki? Na ce yana nan. Yaya taron? Kakanki ya kira?"

"Ni na kira, Mama."

"Ke?" "Da bakinki?"

"Da bakina. Shida na kira."

"To, ai shida ne."

Dutsen yana gabana, fitila ta haske shi, a wanke tas, har da filin da ke ƙasan Stanley.

Na ce, "E. Shida ne."